Ƙasa Mai Daɗin Haƙa

Shekaranjiya muka kai wata tsohuwa makwancinta a Gafasa, tun da na dawo kuwa zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Ba 'yar'uwata ba ce, gaisuwa ma sai shekara ta zagayo muke yi. Amma ita ce ta rage cikin mutanen da muka shiga jirgin ruwa tare a zamanin ƙuruciya, yanzu ga shi saura ni kaɗai. Na tsaya a bakin kabarin na dogara sandata ina kallon samari suna haƙa. Diga na shiga, jar ƙasa na fitowa, busasshiya, mai riƙe bakin rami ba ta zubewa. Ɗaya daga cikin masu haƙan wayarsa sai kuka take a aljihu, shi kuma sai mita yake wai ƙasar ta cika tauri. Na buɗe baki zan ce masa ya gode wa Allah, sai na fasa, don in na fara bayani la'asar za ta same mu a maƙabarta. Aka sa ta, aka jera itace, aka yaɓe, aka tura ƙasa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na ji ina yi wa gawa hassada, ba don kaina ba, don yayana.

Mu nan gefen Toranke, a wancan zamani, ruwa iri biyu muka sani, na rijiya da na kududdufi. Na rijiya yana can ƙasa, sai ka zura guga ka ja har tafin hannunka ya yi kanta. Na kududdufi kuwa yana da lokacinsa. Zai zo da damina ya cika wuri, kwaɗi su hana mutane sakat, in kaka ta yi ya fara janyewa, kafin bazara ya bar taɓo ya tsattsage, magina su zo su ɗiba. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, sau ɗaya yake tafiya, kowa ya san haka kamar yadda ya san sunan ubansa. Yaran yanzu da ke murɗa famfo a burtsatse, su sayi ruwa a leda su sha rabi su jefar, ba su san ruwa yana da hali ba. Mu ma a lokacin mun zaci mun gama sanin halinsa.

Yayana ya fi ni komai. Ya fi ni tsawo, ya fi ni haƙuri, a gona kuwa in ya kama kunya sai dai ka hango ƙeyarsa. Abu ɗaya ne ya gagare shi, ruwa. Ƙaton namiji, amma ko leƙa rijiya ba ya yi, in mun je kududdufi wanka shi ne mai gadin riguna. Na sha tsokanarsa har ya kore ni da kara. Da malamin da ya karantar da mu a Gafasa ya yi niyyar zuwa Makka a ƙasa, ya ɗauki amaryarsa, wato tsohuwar nan da muka binne, da 'yan almajiransa manya, Yaya ne ya fara cewa zai bi. Ba wanda ya gaya masa akwai teku a hanya, ko kuma an gaya masa ya zaci wani kogin Wudil ne da ake ƙetarewa kafin a gama cin goro. Inna ta raka mu har bayan gari, ta kama hannuna ta ɗora a nasa, ta ce masa, "Ka riƙe mini Auta." Ni ba ta ce mini in riƙe kowa ba, don ba ta ga dalili ba.

Labarin hanya ba shi zan bayar ba. Mun bi ta Barno, mun ƙetare Wadai, mun yi shekaru a ƙasar Sudan muna cirar auduga a gonakin mutane, damina ta wuce mu ƙara gaba, har muka kai Sawakin, bakin Bahar Maliya. Mun daɗe a garin nan muna jira. Kullum ina zuwa bakin ruwa in zauna, inda na bar shi da safe nan nake samunsa da yamma, bai ƙaru ba bai ragu ba. Babban jirgi mai hayaƙi yana son takardun da ba mu da su, don haka Malam ya daidaita da mai wani jirgin katako da ke ɗaukar dawa da gawayi da fatu. Sambuk suke ce masa. Ba shi da inji, wani ƙaton ƙyalle ne ake ɗagawa a jikin doguwar dirka, iska ta cika shi ta tura. Sharaɗin kuwa, jirgin ba zai ƙetare kai tsaye ba, zai bi gaɓa ya yi kudu yana sauke kaya yana ɗauka, sai ya gama harkarsa ya haye da mu, mu kuma maza mu yi aiki a madadin wurin zama.

Har gobe in na rufe ido ina jin kukan jirgin nan. Katako na ƙara kamar tsohuwar ƙofar zaure, igiya na gurnani, ƙyallen in iska ta sake shi ya yi faf-faf, in ta dawo ya ɗaure ya yi shiru. Ga wari, don da man kifi suke shafe jikin jirgin, ya shiga riga, ya shiga abinci, ya shiga har mafarki. Aikinmu mu Takari, haka suke kiranmu, shi ne kwarfar ruwa. Jirgin yana yoyo ta ko'ina, sai mutum ya sauka can ƙasa tsakanin buhunan dawa, ruwa baƙi har ƙauri, ya cika guga ya miƙa sama a zubar. In lokacin ɗaga ƙyalle ya yi kuma a kira mu duka mu kama igiya, ma'aikatan jirgin na rera waƙarsu, mu muna amsawa da abin da kunnenmu ya ji. Yaya ya roƙa a bar shi a wurin kwarfa kullum. Mutane suka ce wannan akwai son aiki, ni kaɗai na san don kada ya ga teku ne.

Murhu akwati ne aka cika da yashi, a nan ake gasa gurasar dawa da kifi, a dafa shayi baƙi. Ruwan sha yana cikin ganga, da ɗan gwangwani ake rabawa, ja ne kamar an jiƙa tsohuwar fartanya a ciki. Wanka da alwala sai da ruwan gishiri, sabulu ya ƙi kumfa, in ka bushe fatarka ta yi fari kamar ka yi birgima a toka. Bayi kuwa wani ɗan akwati ne aka rataye a wajen jirgi, mutum ya tsuguna a ciki teku na wucewa a ƙarƙashinsa. Ranar farko da Yaya ya shiga, sai da na tsaya na riƙe wuyan rigarsa, yana karanto duk surar da ya hardace. Mata suna bayan tabarmar da aka kare musu, sai dai mu ji amansu da salatinsu. Salla ma ta zama abin muhawara. Mu da muka taso gabas ce alƙibla, sai ga shi tana matsawa kullum, tun muna cewa gabas maso arewa har ta koma arewa sak. Ka tayar da kabbara daidai, kafin ka yi ruku'u jirgi ya juya da kai. Malam yakan ce, "Ku dai ku yi, Wanda ake yi dominsa ya san jirgi ne."

Da rana ake tafiya, don ƙarƙashin ruwan cike yake da duwatsu masu kaifi, sai da ido ake kauce musu. In rana ta yi sanyi a shiga wani lungu a jefa ƙugiyar ƙarfe, can nesa da gaɓa. Nahuda, wato shugaban jirgin, wani siririn Balarabe mai ido ɗaya da faɗan tsiya, ba ya barin Takari ya taka ƙasa, wai in masu sintiri suka gan mu shi za a ɗaure. Haka muka yi ta kallon ƙasa daga nesa, tsaunuka baƙaƙe ba ciyawa ba tsuntsu, kwana da kwanaki, wani lokacin iska ta ɗauke ɗif mu tsaya wuri ɗaya rana na gasa mu. Yanzu jikana in motar Gaya ta tsaya ɗaukar fasinja a Kademi sai ya fara tsaki yana duba waya. Nakan kalle shi kawai.

Ana nan sai wani dattijo mutumin Barno ya rasu. Ma'aikatan jirgin ba su ɓata lokaci ba, aka yi masa wanka, aka yi salla, suka naɗe shi a tabarma suka ɗaura dutse a ƙafarsa, suka zura shi ta gefe. Ruwan wurin garau yake, muna kallonsa yana sauka yana juyawa, kafin ya ɓace wasu manyan kifaye suka biyo shi. Yaya ya fito daga wurin kwarfa don salla, ya ga komai. Bai ci abinci ba ranar. Da hantsin washegari ya jawo ni tsakanin buhuna.

Ya ce, "Auta, ka ga abin da aka yi wa bawan Allahn nan?"

Na ce, "Na gani, Yaya. Malam ya ce ya halatta."

Ya ce, "Ban ce bai halatta ba. Ni dai in tawa ta zo a cikin abin nan, kada ka bari a jefa ni. Ka sa ni a ƙasa. Ko ta waye, ko ina ne, ƙasa dai."

Na yi dariya na ce, "Kai da ka fi kowa lafiya? Ai kai za ka binne mu duka."

Ya damƙe hannuna har na ji zafi, ya ce, "Ka ce ka ɗauka." Na ce na ɗauka.

Ba a jima ba ciwon ciki ya kama shi, irin wanda ruwan gangar nan yake sa wa. Kowa ya yi ya tashi, shi ya ƙi sakinsa. Zaman cikin ruwan kwarfa ya kumbura masa ƙafafu, zazzaɓi ya biyo baya. Malam ya yi rubutu, amaryarsa ta dama masa kunun dawa tana miƙowa ta ƙarƙashin tabarma, duk a banza. Mutumin da ke ɗaukar buhu da hannu ɗaya ya koma ni nake juya shi. Wata safiya, bayan mun wuce garin Musawwa, rana ta ɗan ɗaga, ya cika a kan cinyata.

Kafin mu gama wanka na ga an kawo tabarma da dutse. Na kwanta a kan gawar na ce sai dai a jefa mu tare. Nahuda ya zo yana kumfar baki, yana nuna iska, yana nuna rana. Malam ya tsaya tsakaninmu da Larabcinsa na littafi, wanda ma'aikatan jirgin kan saurara da ladabi kamar huɗuba su tashi ba su gane rabi ba. Abin da ya yi magana shi ne guga. Mutanenmu da ke ƙasa suka ajiye shi suka hauro, kowa ya nemi wuri ya zauna ya harɗe hannu. Ruwa ya fara taɓa buhunan dawa. Nahuda ya tofa yawu a teku, ya juya jirgi wajen gaɓa. Ban taɓa jin na ci nasara a rayuwata kamar wannan lokacin ba, ina kuka amma ƙirjina a buɗe.

Aka jefa ƙugiya, aka kai mu gaɓa a kwalekwale, ni da Malam da mazan ayarinmu da gawa. Masu tuƙin suka nuna mana wani tudu da hannu, su kuma suka ɗauki salkuna suka bi bayan tudun neman rijiya. Muka hau tudun. Farin dutse ne mai huji-huji, fartanyar da muka taho da ita daga gonar auduga tana sara tana tsalle, sai tartsatsi. Muka gwada nan, muka gwada can, hannuna ya fashe, rana na hawa, gawa na jira, mu kuwa an koya mana ba a sa mamaci jira. Sai wani daga cikinmu, manomi ne na gaske, ya leƙa ƙasa ya ce, "Malam, ga fadama can."

Fili ne shimfiɗaɗɗe a gindin tudun, ƙasa baƙa-baƙa mai danshi, teku na can nesa da shi, tafiya mai ɗan dama. Muka sauka. Malam ya dunƙule ƙasar a hannu ya murza, ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙasa mai daɗin haƙa. Allah ya yi wa yaron nan gata." Fartanya ta shiga kamar a gonar rogo bayan ruwa. Muka yi uwar kabari, muka yi 'yar ciki, da muka ga danshi ya fara tsattsafowa muka tsaya muka shimfiɗa tabarma. Ga itatuwa busassu warwatse a filin, muka tsince su muna murna, ba wanda ya tambayi kansa me ya kawo itace wurin da babu bishiya. Ga ramukan ƙaguwa ko'ina, muka ce ikon Allah. Ni na shiga na karɓe shi, na kwantar da shi a hannun dama, fuskarsa arewa. Muka jera itace, muka yaɓe, muka tura ƙasa, muka yi tudu mai kyau irin na gida. Na durƙusa na ce a zuciyata, Yaya, ga ƙasa.

Muna cikin addu'a na ji sanyi a gwiwata. Na duba, ruwa ne siriri yana tafiya a kan ƙasa ba ƙara ba kumfa, kamar an buɗe hanyar ruwa a lambu. Na ɗaga kai, tekun da muka bari can nesa ya iso. Daidai nan masu salka suka ɓullo a kan tudu, babbansu ya yar da tasa ya ɗora hannu a ka yana ihu. A wannan yanki na kudu, ashe, teku yana janyewa ya dawo kullum, safe da yamma. Kowane yaron gaɓa ya san haka tun bai iya magana ba. Mu ba mu taɓa ji ba, a Sawakin ba ya yi, daga cikin jirgi kuma ba a gani.

Na fizgi fartanya na hau tonewa. Duk saran da na yi, ruwa da yashi su cike gurbin kafin in ɗaga hannu. Na yar da ita na sa hannu biyu, mutanenmu suka taya ni, ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙauri, tudun da muka yi ya narke a tsakanin yatsunmu. Itacen da muka jera ya fara tasowa ɗaya-ɗaya yana yawo. Can na rasa ma daidai inda ramin yake, ina laluben nan, wani na cewa a'a, can ne. Daga jirgi ana ta buga ganga, don sai teku ya cika sannan jirgin zai iya fita ta tsakanin duwatsu, in lokacin ya wuce kuma sai wata cikar. Malam ya dafa ni ya ce, "Auta, bari. Mun yi abin da muka sani." Na ce masa ba inda za ni. Mutum uku suka ɗauke ni kamar buhu suka jefa a kwalekwale. Da aka ɗaga ƙyalle na waiwaya, babu fili, babu alama, ruwa ne kwance har gindin tudu yana ƙyalli.

Mun ƙetare, mun bi gaɓar can muka yi arewa, mun yi aikin hajji. Na yi wa Yaya ɗawafi, na sha Zamzam, amma in na ce na ji daɗin da mutane ke faɗa na yi ƙarya. Bayan shekaru na dawo gida ni ɗaya. Labarin rasuwar ya riga ni isowa, don haka Inna ba ta yi kuka a gabana ba. Tambaya ɗaya ta yi, "Kun sa shi a ƙasa?" Na gaya mata duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta daɗe tana kallon tabarma, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Har ta bar duniya ba ta sake ɗauko zancen ba.

A tsakar gida na tarar da wani yaro mai tsawon ƙafa irin na Yaya. Ashe matar da ya bari tana da ƙaramin ciki lokacin da muka tafi. Da labari ya zo sai aka koma kiransa Audi, sunan wanda bai ga ubansa ba. Ni na riƙe shi, ni na yi masa aure, yanzu shi ma furfura ta cika masa kai. 'Yan shekarun nan 'ya'yansa suka haɗu suka biya masa Makka. Ana gobe tafiya ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Baffa, ka kwatanta mini wurin. Ko da mota ce zan ɗauka in je in tsaya a kansa."

Na ce, "Wane wuri zan kwatanta maka? Ban san sunansa ba, ban san ƙasar waye ba ce yanzu. Tudu ne fari, da fili a gindinsa, filin ma rabin yini yake fili. Kuma ba a gaɓar da za ku sauka yake ba, yana wannan ƙetaren."

Ya tashi ya tafi.

Da ya dawo, bayan 'yan barka sun watse, ya zauna kusa da ni a zaure. Ya ce ya roƙi wani ya bar masa kujerar taga a jirgin sama. Da aka ce sun kai kan teku ya manna goshinsa a gilashi ya fara Ƙulhuwallahu, yana bin bakin gaɓa da ido ko zai ga farin tudu, bai daina karantawa ba har suka sauka a Jidda.

Na ce, "Ka ga wani abu?"

Ya girgiza kai. Ya ce, "Baffa, ruwan da yawa."

Na ce masa na sani.